Wurin Kiwo ga Shanun Gidaɗo

Yelwa, 6 ga Mayu, 1968

Zuwa ga yayana Basiru,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Asama'u da yara. Inna na gaishe ku, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Bayan haka, Yaya, buƙata ta sa na rubuto. Tun da aka ba ni kula da abincin 'yan matan makarantar kwana, madarar gari ta gwangwani ake dama musu. Rabinsu zubarwa suke yi bayan ɗaki. Shi ya sa na fara zagaya rugage ran Asabar, ina bin bakin kogin Kwara ta hanyar Ngaski. Ruga biyar na shiga, a ta Gidaɗo na tsaya. Shanunshi ba su kai talatin ba, amma ka ga yadda matarshi Dudu ke wanke ƙwarya ta shanya kafin tatsa! Kindirmonta ludayi na tsayawa a ciki. Na kawo ƙwarya guda na gwada, yaran nan har lashe kwano suka yi.

Shugabarmu ta ce ba za ta yarda a koma sayen nonon ba sai ta tabbata ba zai yanke ba. Ga shi rugar cikin fadama take, inda kuka ce ruwan dam zai ci. Mutanen gungu, mazauna tsibiran kogin, kuna gina musu gidaje, su Gidaɗo ko sunansu ba a rubuta ba. Kai kana ofishin da ke sake wa mutane mazauni. Don Allah ka samo musu wurin kiwo a tudu, kusa da mu.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Halimatu

Sabuwar Bussa, 2 ga Yuni, 1968

Zuwa ga Malama Halimatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, na kuma fahimci abin da ke ciki. Ki miƙa gaisuwata ga Inna.

Ina sanar da ke cewa ƙa'idar aikinmu, mai gidan ƙasa da gona ake rubutawa. Bukkar kara ba ta ciki. Makiyayi kuwa yau yana nan, gobe ya tashi, ba mu da inda za mu sa shi a takarda.

Shawarata ki rage yawon ruga. Ke ma'aikaciyar gwamnati ce, kada ki jawo wa kanki magana. Madarar gwangwani likitoci sun amince da ita.

Wassalam.
Yayanki, Basiru

Yelwa, 21 ga Satumba, 1968

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi shiru wata uku ne don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Ruwanku ya zo. Fadamar nan yanzu sai kan giginya ake hange. Makon jiya na shawo kan Shugaba muka shiga kwalekwale tare, muka tarar da su Gidaɗo sun haura tudu, cikin taɓo. Maruƙa biyu ruwa ya tafi da su. Duk da haka Dudu ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama fura. Shugaba ta sha, ta ƙara, ta ce daga sabon zangon karatu a riƙa kawo mana ƙwarya shida kullum. Wata biyar ina neman wagga magana daga bakinta.

Na juya ina murna, sai na ga Dudu ba ta ko yi murmushi ba. Ta ce, "Malama, da mi zan cika ƙwarya shida? Dubi hantsar shanun nan. Ko'ina muka nufa gona ce."

Gaskiya ta faɗa. Mutanen da kuka tayar sun share tudun sun yi shuka, su ma ba laifinsu ba ne. Shekaranjiya saura kaɗan a zare sanduna saboda saniya ɗaya ta shiga gonar dawa.

Ka ce makiyayi yau yana nan gobe ya tashi. Kabarin uban Gidaɗo na ƙarƙashin ruwan nan, da na kakanshi.

Na karanta wa Inna takardarka. Sai ta ce, shekarar da ta haife ka ciwo ya kwantar da ita, nononta ya ƙafe. Wata huɗu uwar Gidaɗo na tako ƙafa kowace safiya da madara a 'yar ƙwarya, da ita ka rayu. Ta ce in tambaye ka ko wane likita ya amince da waccan.

Sai na ji daga gare ka.
Halimatu

Sabuwar Bussa, 10 ga Nuwamba, 1968

Ƙanwata Halimatu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Wallahi ban taɓa jin labarin nan ba. Ranar da na karanta, abinci bai shiga cikina ba.

Sau uku na shiga wurin maigidana na ofis kafin ya saurare ni. Aka tura takardar neman wurin kiwon Sakkwato, ta dawo wai babu hatimi. Aka sake turawa, ta dawo wai babu taswira. Na ɗauki hutu na kai ta da hannuna, na zauna kan benci kwana huɗu.

Ga ta nan cikin ambulan. An ba su dajin da ke gefen hanyar Shanga, akwai rafi. Ki kai wa Gidaɗo da kanki. Ki roƙar mini Inna gafara.

Naki,
Basiru

Yelwa, 17 ga Nuwamba, 1968

Yaya,

Na gode, Allah shi saka. Inna ta ce ta yafe.

Ranar da takardar ta zo na tafi, ko kallabi ban sake ba. Na tarar da turaku da busasshen kashin shanu. Wani manomi, Ishaya, ya ce kwanansu tara da tashi. An yi faɗa, an fasa wa Gidaɗo kai. Ya ce Dudu ta yi ta duban hanya ko zan ɓullo, har sai da mijin ya yi mata tsawa. Wasu sun ce Borgu suka nufa, wasu sun ce Kontagora.

Takardar na nan hannuna, da hatiminta da taswirarta. Ka gaya mini wa zan ba.

Ƙanwarka, Halimatu