Sojan da Ya Tafi Ba Guzuri

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Kacici-kacici ga mai leƙen littafin mutane, Safiyatu da ke nake, na san halin 'yata: mene ne abin da in ɗan wani ya yi mini sai na kai ƙararsa, amma na baro Zariya na hau jirgi har Riyad ina nemansa, an hana ni?

Muhibba dai har yau shiru. Ranar da na sauka na dube ta sama da ƙasa na ce, "Wannan mummunar ce aka ce jikata? Ku mayar da ita a canzo mini wata." Sai yarinya ta shige ɗaki. Wai kuka ta yi. A nan aka haife ta, shekara goma sha shida ba wanda ya gaya mata tsakanin kaka da jika sai tsiya. Uwarta ta yi mata bayani, ta ce ta gane. Tun daga nan sai ladabi. "Sabahal hair, ya jadda," wato ina kwana kaka, ta miƙo shayi da hannu biyu kamar na zo duba makarantarsu. A gida jikana Jibrin, da ko wando bai iya ɗaurawa ba, tsohuwa mai ran ƙarfe yake ce mini. Ƙarshen wata bizata za ta ƙare. Ba na so in koma a baƙuwa.

Litinin, 6 ga Janairu

Sanyin garin nan ba shi da kunya. Ko kantin ƙasan bene, da suke ce wa bakala, ban leƙa ba.

Laraba, 8 ga Janairu

Bayan la'asar na tarar da ita a falo gaban talabijin. Fim ɗin Turawan Ingila ne na lokacin yaƙin duniya, yaƙin da baffana ya je har Bama. Malamarsu ta Turanci ta raba aji biyu, za su yi muhawara a kansa, Muhibba na ɓangaren masu yabo. Na zauna ba a gayyace ni ba. Na ce ba na jin Turanci, rubutun Larabcin da ke ƙasa kuma gudu yake kamar an biyo shi, sai ta fassara mini. Ta fassara, da Hausarta mai ɗingishi.

Wata yarinya ce mai kiwon shanu a ƙauyen bakin teku. Wani soja aka kawo yana gadin wata ƙatuwar fitila da ake hango jiragen abokan gaba da ita. Kullum sai ya zo sayen madara a kan keke. Ya kalle ta, ta kalli bokiti. Ruwan sama kuwa ba ya ɗaukewa.

Na ce yaron nan ba shi da iyaye ne? Rabin fim yana zarya, ko goro ba a kai ba. Ta ce, "Yaƙi ake, ya jadda." Na ce yaƙin bai hana shi shan madara ba ai.

Na ga bakinta ya motsa. Ta haɗiye.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na ce mata ni ce ɗaya ɓangaren, ta gwada ƙarfinta a kaina kafin ranar. Ta yarda, don ba ta iya ce wa babba a'a.

Yau muka kai inda aka tura sojan ƙetare. Yarinya ta zo tashar jirgin ruwa hannu biyu. Ba ƙunshi, ba kwano, ba komai. Baffana da zai tafi, kakata kwana ta yi tana dakan dakuwa, da kilishi, da garin kunu, har Bature ya ce kayan sun yi yawa. Wannan kuwa gyara masa wuyan riga ta yi, ta ce wai ana sa ran ruwa gobe. Shi ma ya ce haka ne. Ya bar mata keken. Shi ke nan fa.

Na ce ga aibin fim ɗinki guda biyu: an tura ɗan mutane yaƙi da yunwa, kuma mutum biyu da bakinsu sun kasa faɗin abin da ya kawo su.

"Ba ki gane ba," in ji ta, har da ɗaga murya. "Abin yana da yawa, shi ya sa ba ya fita." Sannan ta dafe baki. "Afwan, ya jadda."

Kash. Saura ƙiris.

Juma'a, 10 ga Janairu

Ghali mijin Safiyatu ya kai mu unguwar Murabba ganin gidan tarihi. A mota na ce a tambayi maigidan ra'ayinsa kan fim ɗin, tunda ni ba zan tsaya musu da suruki ba. Ya ce shi injiniya ne, abin da ya dame shi fitilar nan, ba janareton da zai ɗauke ta a ƙauye. Safiyatu ta ce ita bandejin da aka ɗaura wa sojan ne ya ɓata mata rai, da a asibitinsu ne da an kori nas ɗin. Muhibba ta ce da Larabci wai duk gidan ba mai zuciya. Na sa aka fassara mini. Na ji daɗi, amma a jam'i ta yi, ba ni kaɗai ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na sake taso da zancen rashin bakinsu. Na ce ko Turawa harshensu ma rabo aka yi musu da kati kamar sukari? Sai ta juyo ta ce, "Ke kin taɓa gaya wa kakana kina son shi?"

Ban san me fuskata ta yi ba. Ta kashe talabijin ta ba ni haƙuri ta shige ɗaki. Mun koma gidan jiya.

Litinin, 13 ga Janairu

Na bi ta har ɗaki da gyaɗa. Na ce amsarki: a'a. Ko sunan Malam ban taɓa kira ba har ya koma ga Allah. In zai bi jirgin ƙasa zuwa Legas wurin aiki, ce masa nake ya kula da sanyin hanya. Ta zaro ido. Na ce amma ni da ƙunshi nake faɗa, kar ki haɗa ni da mai shanun nan.

Ta ce me ake kiran wannan da Hausa? Na ce kunya. Ta rubuta a tafin hannunta.

Laraba, 15 ga Janairu

An yi muhawara. Ɗaya ɓangaren ya ci, wai fim ɗin ya cika jan jiki, kuma gaskiyarsu. Amma malama ta sa Muhibba ta maimaita bayaninta kan kunya a gaban aji. Ta dawo tana ba ni labari rabi Hausa rabi Larabci, ko jaka ba ta ajiye ba.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ta ce ban ga ƙarshe ba, dole in gani. Sojan bai dawo ba. Na faɗa tun farko, yunwa. Aka nuno yarinyar ta tsufa, ta fito da keken tsakar gida tana ɗiga masa mai, tana goge ƙararrawar da bakin zanenta. Ni dai na tuna ban bar wa kowa sallahun goge rediyon Malam ba, ƙura za ta yi masa yawa.

Safiyatu ta cika turaren wuta a gidan nan, yana shiga ido.

Muhibba ta leƙo fuskata ta ce, "Kai, tsohuwa, dubi kwallinki har haɓa. Da ma ke mummuna, yanzu wa zai aure ki? A mayar da ke Zariya a canzo mana wata."

Uwarta ta fito daga kicin da ludayi za ta yi faɗa. Na ce koma, tsakaninmu ne. Na gaya wa yarinyar ita da hancinta kamar murfin buta ko mai keke ba za ta samu ba. Muka yi ta yi har shinkafa ta kama.

Fim ɗin dai har gobe ba guzuri. Amma wurin keken ba laifi. Na ce ta sake sa mini gobe, don in ƙara nemo masa aibi.

Safiyatu, tunda na san kin karanto har nan: amsar ita ce zagi. Yau na samu, da Hausa, daga bakin jikata.