Fuskar Salbiya a Kan Dutse

Talata, 9 ga Janairu

Yau wata uku da muka ƙona gawar matata Salbiya. Tokarta na cikin tulu a makabartar bakin hanyar garin Ostiya, ba dutse, ba suna. Matar masassaƙi guda! Shekara ashirin ina sassaƙa fuskokin matan mutane, tawa ko oho. Dole in gama tata kafin kwanakin ziyarar matattu, tsakiyar watan gobe, in ba haka ba kowa zai je gaida nasa, ita ba a ma san tana wurin ba.

Alhamis, 11 ga Janairu

Na samu farin dutse guda ɗaya, kaurinsa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Manyan gidaje kan shafa wa mamacinsu kakin zuma a fuska, su ɗauki kamanninsa, su kawo mana mu kwaikwaya. Mu 'yantattun bayi wa ya san da wannan? Abin da ya rage a kaina, shi ke nan gare ni.

Asabar, 20 ga Janairu

Goshi ya fito, kumatu sun fito. Ba ita ba ce. Na ƙara rage dutsen.

Juma'a, 26 ga Janairu

Muryarta tana nan a kunnena tsaf. "Filetu, kaɗe garin dutsen nan kafin ka hau min gado." Hancin ne ya ɓace mini. A ce mutum ya kwana kusa da hanci shekara goma sha tara, ya manta shi? Kaɗaici ya ishe ni, ga kunya. Ba wanda zan faɗa wa.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Kirispu maƙwabcina, mai jera ƙananan duwatsu a daɓen masu hali, ya leƙo. "Kai, wace allahiya ce wannan? Kai ta haikali mana, su kunna mata turare." Na kore shi. Amma dutsen ya yi siriri ƙwarai. In na sake kuskure, kurfi, ƙarfen sassaƙar, zai ɓulla ta baya, shi ke nan an yi biyu babu.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Rufila, yayar Salbiya, ta zo da gurasa da zaitun. Tun ranar ƙona gawa nake gudunta, don tafiyarsu iri ɗaya ce. Ba ta ko nemi izini ba ta yaye tsumman da na rufe aikin.

"Wace ce wannan 'yar gatan?"

Na ce, "Ƙanwarki ce, Yaya."

"Ƙanwar wa? Ƙanwata da ta tsufa tana tattaka rigunan mutane a gidan wanki? Ina layin nan na tsakanin girarta? Kai ka sa mata shi da yawonka na gidan giya, yanzu kuma ka goge abinka, ko?"

Na ce ba na so a riƙa ganinta cikin fushi har abada.

"Fushi? Jiranka take yi, sakarai."

Ta ajiye gurasar ta tafi.

Talata, 6 ga Fabrairu

Ban taɓa dutsen ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Sara ɗaya na yi, tsakanin gira. Bai ɓulla ba. Da na ja baya sai ga ta tana hararata. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ran da aka ƙona ta. Hancin har yanzu ba nata ba ne, kuma babu sauran dutsen gyarawa.

Talata, 13 ga Fabrairu

Mun kafa dutsen a makabarta. Rufila ta kawo furanni da gishiri da gurasa jiƙe da giya, ta ajiye su a gabansa ba tare da ta kushe aikin ba, abin da ban taɓa gani ba. A hanyar dawowa ta ce in biyo ta gida in ci abinci. Na ce aiki ya yi mini yawa. Ba ni da aikin komai. Na je ne kawai don kada ta ishe ni da surutu. Da zan fito, na ji bakina yana tambayarta me za ta dafa gobe.