Kwamfutar Makarantar Kazage

Yaya Miriam,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama, ya yara? Ni lafiya nake a Legas, kwanan shago ma na saba.

Kwamfutar tebur da kika ce in zaɓar wa makarantarku, na samo ta hannu, mai araha. Manhajar Windows ta yi mata nauyi, sai na sa mata ta Linux. Za ta buga miki jarrabawa lafiya lau.

Amma na kasa aikowa, Yaya. An ce rabin ɗalibanki sun bar Kazage. In mutanen daji suka sake shigowa, hannun Mama za ki kama, ba kwamfuta ba. Tana nan ƙarƙashin bencina har hanya ta gyaru, in za ta gyaru.

Ubangiji ya tsare ku.

Ƙaninki,
Benson