Baitin da Mijinyawa Ya Ƙi Cirewa

Litinin, 7 ga Fabrairu, 1955

Malam Lukumanu ya zo rumfata da hantsi. Shi ne mai duba azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙasar Karaye har Rogo. Na zaci wandonsa ya zo karɓa, ashe wai so yake in shiga cikin alƙalai uku na gasar waƙa da za a yi wa ɗaliban azuzuwan. Ni Iro tela, da ban taɓa zama a bencin makaranta ba, da na koyi boko a jikin tsohuwar jaridar da ake naɗo yadi da ita. Ya ce aikin sa kai ne, ba biya. Na ce da ma wa ya tambaye ka.

Wanda ya ci, za a buga waƙarsa a ɗan littafi a raba wa kowane aji a lardin Kano. Alƙali na uku Alhaji Maikuɗi ne mai sayen gyaɗa, saboda shi ya ba da fitilar da za a haɗa wa gwani. Mutumin da ko sunansa sai dai ya dangwala yatsa! To, mu je zuwa.

Laraba, 9 ga Fabrairu

Mun zauna a zauren Alhaji. Tun kafin a gama gaisuwa na kawo sharaɗina: kada kowa ya sa suna. Malamin aji ya ba kowace takarda lamba, sunayen su zauna a ambulan. Duk takardar da aka ga suna a jikinta, ko ina ne, ta fita. Na san garin nan, in suna ya fito ɗan wane ne zai ci ko da kukan jaki ya rubuto.

Malam Lukumanu ya fara cewa, "Iro, ai mutanenmu in za su rufe waƙa..." Na katse shi. Na ce mutanenmu ɗin ne suka kai mu inda muke. Muka sa hannu, Alhaji ya dangwala, aka aika ofis a Kano.

Na dawo ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Alhamis, 17 ga Fabrairu

Mutum huɗu yau da wasiƙunsu, in karanta musu. Sun mai da rumfata gidan waya. Wata tsohuwa ta ce in maimaita, na ce Goggo ga zare a allura, abin da na faɗa shi ne a ciki. Aji na nan kyauta, sun ƙi zuwa.

Talata, 1 ga Maris

Waƙoƙi arba'in da ɗaya. Ni ke karantawa da ƙarfi don Alhaji ya ji. Jahilci duhu, ilimi haske. Jahilci ciwo, ilimi magani. Kai ka ce mutum ɗaya ya yi musu tauna ya zuba musu a baki.

Shida sun fita yau. Ba su sa suna a sama ba, sai a baitin ƙarshe, irin yadda aka saba: in an tambaye ku wa ya yi waƙa ku ce wane ɗan wane. Ɗaya ta Liti ce, ɗan ƙanen Alhaji. Na ɗaga ta sama na ce doka ba ta san ƙanen kowa ba. Alhaji ya ce, "To, Malam Iro." Shi ke nan abin da ya ce. Da la'asar na ba da labarin a kasuwa, har da kwaikwayon fuskarsa.

Laraba, 2 ga Maris

Lamba talatin da huɗu.

Rubutun kamar kaza ta bi ta kan toka, haruffa manya manya, wasu a kwance. Na fara karantawa da muryar ba'a. A baiti na biyu muryar ta gudu ta bar ni.

Takarda ta zo min da hantsi,
Ina gindin rumbu ina sussuka.
Na juya ta sama, na juya ta ƙasa,
Ɗana na ciki, ban gan shi ba.

Mutum ne da ɗansa ya tafi yaƙin Bama cikin sojan Turawa. Takarda ta zo, ya kai wa wani mai karatu a kasuwa, aka karanta masa mutuwar ɗan a numfashi ɗaya aka miƙo masa. Shekara goma tana cikin gafakarsa. Da aka buɗe aji ya shiga cikin yara sa'o'in jikokinsa, har ran da ya sa yatsa a kan haruffa huɗu ya ce wannan Lado ne. Babu duhu, babu haske, babu ko ɗaya daga abin da sauran suka rubuto.

Alhaji na ta jan hanci yana goge ido da bakin rawani. Na juya takardar don in ƙarasa.

Mijinyawa na Beli ya yi waƙa,
Uban Lado da ya kwanta a Bama.
Ba wanka, ba salla, ba kushewa,
Mai karatu, ka yi mai Fatiha.

Malam Lukumanu ya miƙa hannu a hankali ya ɗora ta a kan shidan nan.

Alhamis, 3 ga Maris

Na ɗinka hannun taguwa a wuya. Sau biyu.

Juma'a, 4 ga Maris

Bayan masallaci na tare su. Na ce a dawo da duka bakwai ɗin, har ta Liti. Alhaji bai rama ba, da ma ya rama da na ji sauƙi. Cewa ya yi, "Ni in don ta tsohon nan ne, a dawo da su. Amma kai ka shelanta a kasuwa, kuma takarda na Kano." Malam ya ce abin da aka sa wa hannu ba mu da ikon warware shi a zaure. Na ce to me ya sa ba ka hana ni ba ran nan? Ya ce, "Na fara."

Ya fara. Gaskiyarsa.

Na rubuta wa ofis wasiƙa shafi biyu, na ba direban motar gyaɗa.

Alhamis, 10 ga Maris

Amsa ta zo, layi uku. Sun yaba da sharaɗin, har sun ce sauran gundumomi su ɗauka. Ba za a canza ba.

Sun yaba! Allah wadaran bakina.

Juma'a, 11 ga Maris

Na ɗauko takardar daga wurin Malam da cewa zan sake dubawa. Baitin yana can ƙasa shi kaɗai a bayan shafi. Almakashina na yanka yadi ninki huɗu, wannan ko ji ba zai yi ba. Har na sa ta a bakin almakashi. Amma mutum biyu sun ji na karanta shi da bakina. Kuma ba tawa ba ce.

In mai ita ya sake kwafe ta da hannunsa ba baitin, Malam ya ce zai kau da kai, ya ce an yi kuskuren takarda. Alhaji ya ce shi da ma ba ya gani. Dubi inda na kai mu, ni mai doka.

Lahadi, 13 ga Maris

Na ari keke, na fita bayan asuba. Rana ta same ni kafin Rogo, taya ta yi faci a Rogo Ruma, sai azahar na shiga Beli. Na sami Mijinyawa a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ɗan tsoho siriri, gemu fari. Na yi sallama a tsaye, ya yi ta jero gaisuwa, gida, gajiya, rana, mutanen Karaye, har kunya ta durƙusar da ni. Matarsa Tasalla ta aiko da fura.

Na gaya masa komai, ban ɓoye cewa ni na kawo dokar ba. Na ce Baba taka ta fi duka, ba kusa ba. Layi huɗu kawai za ka cire, ga takarda ga fensir na zo da su. In an buɗe ambulan ai sunanka zai fito a bangon littafi.

Ya ce, "Nawa zai fito. Na Lado fa?"

Na ce to a bar na Lado a cire naka. Ya yi dariya. Ya ce Lado nawa ne a ƙasar Kano? In ba a ce na wane ba, addu'ar wa za ta nufa? Ya ce, "Malam, ni ba fitila nake so ba, da magariba nake kwanciya. An ce mini littafin zai shiga kowane aji. Na lissafa, in kowane mai koyo ya kai ƙarshe ya yi Fatiha ɗaya, yaron nan ya samu jama'ar da bai samu ba. In an cire wannan, me ya rage? Surutun tsoho."

Na ɗaga murya, Allah Ya yafe mini. Na ce in ka ƙi, ba mai karanta ko layi ɗaya, ka gane? Daga bayan dangar Tasalla ta ce, "Yaron nan da wa yake faɗa?" Ya ce, "Da kansa, bar shi ya sha fura."

Ya shiga ya fito da takardar soja, duk ta yi laushi kamar tsumma. Turanci ne a sama, fassara a ƙasa. Ya sa yatsa ya karanta mini, harafi harafi, ya daɗe. Ya ce wanda ya fara karanta masa ita ba mugu ba ne, sauri yake, yana da masu jira.

Ban tambaye shi ko tela ne ba.

Da zan tafi ya ce, "Kai ka karanta har ƙarshe?" Na ce e. Ya ce, "Ka yi?" Na ce me? Sai na gane. Ban yi ba. Ran nan ina can ina tunanin doka. Muka ɗaga hannu a nan ƙofar gida, ni da shi, da muryar Tasalla ta bayan danga.

Ya ce, "To ka gani, an samu ɗaya."

Litinin, 14 ga Maris

Cinyoyina kamar an daka. Na mayar wa Malam takardar yadda take. Bai tambaye ni ba.

Laraba, 16 ga Maris

Mun zaɓi lamba tara. Jahilci duhu, amma ƙafiyarta ba ta karye ba. Aka buɗe ambulan: Hamma, wani masaƙi daga Kafin Dafga. Ba ɗan kowa ba ne. Dokata ta yi aikinta, sai in ji daɗi.

Na dangwala... a'a, na sa hannu. Hannun ne ya yi nauyi kamar na Alhaji.

Asabar, 19 ga Maris

An yi taron a filin makaranta. Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa: in zagi ofis, in zagi doka, in karanta talatin da huɗu ko an so ko ba a so. Da aka kira ni na ga Hamma a gaba da rigar aro, 'ya'yansa na leƙe ta bayan mutane, bakinsa har kunne. Me ya yi mini? In na karanta waccan, fitilar hannunsa ta zama toka. Na ce Allah Ya sa albarka, na zauna. Ni Iro. Mutanen kasuwa har suna tambaya ko ba ni da lafiya.

Mijinyawa bai zo ba. Nisa, kuma ana sharar gona.

Liti ya wuce ni ya ce, "Alƙali, a gaishe ka." Ita ma tasa ban san ko mai kyau ce ba, ban karanta ta don in ji ba, suna nake nema.

Talata, 22 ga Maris

Malam ya ce takardun da suka fita za a mayar wa masu su. Na ce a ba ni kwana ɗaya.

Alhamis, 31 ga Maris

Zafi. Ciniki ba laifi, ana ta kawo ɗinkin salla tun yanzu.

Takardar da na kai Beli ba a yi amfani da ita ba, kuma ba kyau a bar takarda ta lalace, shi ya sa. Na kwafe waƙar Mijinyawa, har da baitin ƙarshe, guda tara zuwa yau. Duk wanda na san yana zuwa aji, in ya karɓi rigarsa zai tarar da ita a aljihu. Ban ce wa kowa komai ba. Jiya Barira mai ƙosai ta ce mijinta ya kwana uku yana fama da wata waƙa, jiya ya kai ƙarshe ya tara su suka shafa Fatiha. Na ce ni ban san zancen ba. Alhaji ya aiko a ba shi ɗaya, wai Liti zai karanta masa.

Tara ba lardin Kano ba ce. Na sani. Kada wani ya gaya mini.

Tsohuwar nan ta dawo da wata wasiƙar, daga ɗanta da ke aikin kuza a Jos. Ba komai a ciki, gaisuwa ce da ciwon ƙafa. Na tsayar da keken ɗinki, don da ma zaren ya ƙare. Na ce Goggo zauna nan. Na sa yatsa na nuna mata inda sunansa yake, ta taɓa wurin. Ta ce in maimaita.

Sau uku. Zaren ne ya ƙare, shi ke nan.