Sandar Ɗan Magani

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ya jiki, ya ƙarfin hali? Ina fata idon yana sauƙi, kuma kana kwance rubda-ciki kamar yadda likita ya ce, ba kana ɗaga kai kana lalubar waya ba. Mama, tunda ke za ki karanta masa, ina gaishe ki, sannu da jinya. Inda kika ga maganar dodanni kada ki tsallake, ita ce maganin da ya fi so.

Ka ce in riƙa rubuto maka komai a takarda, don a waya ba ma daɗewa sai mun yi faɗa. Gaskiyarka. Na shiga ɗakinka, na kwashe kofunan da ka tara a bayan kwamfuta, na zauna a kujerar nan taka mai karyayyen hannu, na buɗe wasan kwamfutar nan naka. Ga Ɗan Magani, ɗan mutumin naka na cikin wasan, mai warkar da 'yan ƙungiya, tsaye da farar riga da sandarsa kamar wanda mota ta bari a tasha.

Bari in maimaita abin da ka ɗora min, in na yi kuskure ka gyara. A ƙarshen watan nan za a buɗe sabon kogon dodanni a wasan, kuma ba mai shiga sai wanda ya kai mataki na sittin. Kana hamsin da biyu aka kwantar da kai don aikin ido. Abokan naka shida sun riga sun kai, ba sa zuwa ƙananan koguna, don haka da baƙi zan hau. In ranar ta zo ba ka kai ba, Bango, shugaban ƙungiyarku, zai ɗauki wani mai warkarwa, wurinka ya tafi ke nan. Ka ce kada kowa ya ji maganar idonka, wai in suka ji ba za su ma jira ƙarshen wata ba. In riƙa rubutu kawai, in ce makirfo ya lalace.

Na yarda ne saboda yadda na ga fuskarka ranar. Na daɗe ina yi maka tsiya a kan wasan nan, amma na san tun da kamfaninku ya rufe ka dawo gida, mutanen nan shida ne kaɗai ke nemanka kullum da yamma.

Ka san halina, ba na son roƙo. Na ce ni kaɗai zan yi. Na fita daji na sami wani ɗan alade na hau dukansa da sanda. Auta, wannan sanda ce ko tsinken tsintsiya? Na buga, na buga, har shayina ya huce, aladen ko a jikinsa. A nan na gane abin da kake nufi da cewa mai warkarwa ba ya hawa shi kaɗai. Gobe in na taso daga aiki zan je dandalin da ake neman abokan tafiya, in tsaya kamar kowa.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarka.

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama. Ya kwanan asibiti? Na ji ana fama da kai wajen ɗiga maganin ido. Ka ji kunya, ƙato da kai.

Saƙonka ya iso ta bakin Mama: in warkar da mai garkuwa farko, sannan ni kaina, sannan sauran. Da ka faɗa da wuri da ban sha zagi ba. Ranar farko muna shiga kogo na zuba wa kowa magani tun ba a taɓa kowa ba, don in nuna na iya. Ashe magani da yawa yana jawo hankalin dodo. Ya bar mai garkuwa ya yo kaina, na zaga da shi ɗakin kamar kaza da shaho, muka mutu gaba ɗaya. Ko sallama ba su yi ba suka cire ni.

Yanzu kam na fara ganewa. Mai warkarwa ba ya kallon dodo. Duk wutar da aka zana da fukafukai da duwatsu, ni ban san kamarsu ba, idona yana kan korayen layukan nan na gefen allo, ran kowa. Aikina ne sak a makarantar tuƙi: wani ke riƙe da sitiyari, ni ina gefe ƙafata a kan birki, ina jiran wautarsa. In an yi nasara a yabi mai takobi, in an mutu a ce ina mai warkarwa yake. Yaya aka yi ka jure wannan shekara da shekaru? Na kai ka hamsin da takwas, yatsuna har sun yi kanta.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Shekaranjiya na shiga da wasu baƙi, cikinsu akwai wani maharbi mai suna Kibiya. Dodo zai zuba wuta a ƙasa, kowa ya kauce, shi sai ya tsaya a ciki yana harbi. Na warkar da shi, na sake warkar da shi, ƙarfina na ƙarewa a kansa, shi kuma yana rubuta wai mai warkarwa barci yake yi. Na haɗiye. Sai ya sako Mama a cikin zagin. Mama, ki yi haƙuri, ba zan rubuta abin da ya ce ba.

Na ɗauke hannuna daga madannai. Na zuba wa layinsa ido, ya koma rawaya, ya koma ja, ya ƙare. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi har raina. Amma da ya faɗi ba mai kashe ƙananan dodannin, suka taru suka cinye mu. Ya fita ya je dandali ya yi ta shela cewa Ɗan Magani yana barin mutane su mutu da gangan.

Jiya na tsaya a dandalin tun da na dawo aiki har aka kira magariba. Ƙungiyoyi na ta ihun neman mai warkarwa, ina ɗaga hannu, suna wuce ni kamar ba su gan ni ba. Saura mataki biyu, kuma watan ya raba.

Kada ka ɗaga kai don ka ji haushi. Ka zage ni a kwance.

Yayarka.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama. Yau ba zan ja gaisuwar ba, hankalina ba a kwance yake ba.

Har yanzu muna hamsin da takwas. Na roƙi mutane, ni da ba na roƙo. Sau ɗaya wasu suka ɗauke ni, muna bakin kogo ɗayansu ya karanta sunan, aka mayar da ni dandali. Sannan na ga abokanka sun wuce da wata mai warkarwa, Zuma, tana tafe a bayan Bango, daidai inda ka ce kai kake tsayawa.

Ɗazu Bango ya aiko da saƙo. Bai yi zagi ba, da ma zagin ya yi. Ya ce tun da ya san Ɗan Magani bai taɓa ganin ya ɗauke hannu daga kan kowa ba, har wanda ya taɓa sace musu ganima ka warkar da shi kafin a kore shi. Ya ce ko dai an sace ɗan mutumin, ko ka sayar da shi, ko wani abu ya same ka. Ya ce ranar Asabar bayan azahar in zo tsohon kogo, da makirfo mai aiki, ya ji muryarka da kunnensa. In ba haka ba zai cire sunanka daga ƙungiya a ranar, ba sai ƙarshen wata ba.

Na zauna ina kallon saƙon nan, kunya ta ishe ni. Ni da na goya ka, ban san ka kamar yadda wannan mutumin ya san ka ba, shi da bai taɓa ganin fuskarka ba. Na iya ɓoye muryata, amma halina ne ya tona ni.

Mama ta gaya min a waya abin da likita ya ce, cewa aikin idon dama ya kama, na hagu kuma wataƙila ya zauna da hazo, ƙananan rubutu su riƙa yi maka wuya. Ta ce tun da ka ji ba ka yi magana ba. Na san abin da kake lissafawa, layukan nan ƙanana ne. Ni ma na yi kukana a mota kafin ɗalibi ya shigo.

Auta, ka ba ni izini in gaya musu gaskiya. Ba ni da muryar namiji, ba ni da wata dabara. In na yi shiru ranar Asabar wurinka ya tafi, in na yi magana wataƙila ya tafi, amma aƙalla ba a matsayin ɓarawo ko mugu ba. Ka faɗa wa Mama e ko a'a, ta kira ni.

Ina jira.

Yayarka.

*

Zuwa ga ƙanena,

Sallama a gare ka. Ya idon, ya zuciyar? Mama, sannu da ƙoƙari. Wannan ki karanta masa a hankali, ko ya ce ba ya so.

Ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba. Mama ta ce da ta karanta maka sai ka ja bargo ka rufe kai. Na jira har Asabar, wayata a hannu ko banɗaki zan shiga.

Na je bakin tsohon kogo. Su shida suna tsaye, ga Zuma a gefe tana jira, ga kuma wani na takwas da ban yi zato ba. Kibiya. Bango ne ya gayyato shi da kansa, ina jin don ya ga ko za a sake barinsa ya mutu. Na sa abin kunne, na ji muryoyinsu karo na farko, suna ta raha, sai Bango ya ce kowa ya yi shiru, Ɗan Magani zai gaishe su. Shirun nan, Auta, ina jin ƙarar fankar ɗakinka kamar injin niƙa. Na danna makirfo.

Na karya alkawarinka. Na ce ni yayarka ce. Na faɗi maganar aikin ido, da kwanciya rubda-ciki, da hazon na hagu, ban rage komai ba. Na ce wanda ya bar Kibiya ya mutu ni ce, ƙanena bai taɓa yi ba, ba kuma zai yi ba. Can sai Bango ya ce tunda an zo a shiga kogon, magana sai an fito.

Ban taɓa zufa irin ta ranar ba. A wajen babban dodo ƙarfina ya kusa ƙarewa, layin Bango, mai garkuwarmu, ya yi rawaya, sai wuta ta zubo, Kibiya kuma ya tsaya a cikinta kamar yadda ya saba. Da gangan ya yi ko wautarsa ce, Allah masani. Na ga layinsa ya yi ja. Zagin da ya yi wa Mama ya dawo min kalma kalma. Na cije baki, na ba Bango nasa farko kamar yadda ka koya min, ragowar na zuba wa Kibiya, ni na tsaya ba komai. Dodo ya faɗi ba wanda ya mutu. Muka sake zagaye, muka sake, har Ɗan Magani ya haye hamsin da tara, ma'aunin ya kusa cika, saura ƙiris ya kai sittin. A nan Bango ya ce a tsaya.

Ya ce dokar ƙungiya ba ta canzawa: mai ɗan mutum shi ke riƙe da abinsa, don haka ni ba zan shiga sabon kogo da su ba. Na ce shi ke nan, na yi biyu babu. Sai ya yi wa Zuma godiya, ya ba ta haƙuri, ya ce ta nemi wata ƙungiya, don su ma ba za su shiga ba. Sai ka dawo.

Ɗayansu ya tuna masa cewa duk sauran ƙungiyoyi za su riga su, abin da suka yi wata da watanni suna shiri a kai. Bango ya ce su riga su ɗin. Daga nan ya hau faɗa, kuma da kai yake. Ya ce in gaya maka ya ji haushi ƙwarai, mutumin da ya yi shekaru yana gadin ransu, nasa ya yi ja bai gaya wa kowa ba. Maganar layukan da za su yi maka wuyar gani kuma, ya ce ai su suna da baki. Kowa ya ga ransa ya kai rabi zai kira sunansa da ƙarfi, kai ka danna. Har sun fara gwadawa da ni, hayaniya kamar ajin yara, amma wallahi tana aiki.

Jiya aka buɗe kogon. Na leƙa. Jama'a na ta tururuwa suna shiga, su shida kuma suna zaune a ƙasa a gefen ƙofa, masu wucewa na yi musu dariya. Sun bar fili a bayan Bango. Na kai Ɗan Magani wurin na zaunar da shi, na kashe kwamfuta, na rufe ta da zane.

Ƙiris ɗin da ya rage ban taɓa ba. Bango ya ce kai za ka cika shi da hannunka, su kuma su raka ka. Ka yi fushinka da ni in kana so, na karya alkawari, kuma da za a sake zan sake. Amma ka kwanta rubda-ciki, ka bari a ɗiga maka maganin. Mutum shida na zaune a ƙasa suna jiranka.

Na kai kujerarka an gyara mata hannu.

Taka har kullum,
Yaya.