Sawu Huɗu a Bangon Inna

Liyon, Faransa, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Hawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Na iso lafiya. Tun da kin ce saƙon murya shiririta ne, ga takarda na rubuta, na ɗauki hotonta na turo miki ta waya.

Masu taron likitocin dabbobi sun sauke mu a wani otal da ban san yadda zan kwatanta miki ba. Fitila tana kunna kanta in na shiga. Bahon wanka yana tsakiyar ɗaki, ko labule babu. Kujerar kamar rabin ƙwarya, in ka zauna sai da dabara za ka tashi. Buta kuwa babu, da gorar ruwa nake alwala. Komai tsaf, har tsoron ajiye takalmina nake.

Kada ki manta, ran Talata Dodo magini zai zo ya rushe ɗakin Inna, ya fara na siminti. Ki kwashe kayanta kafin nan. Shekara uku da rasuwarta, Yaya, ɗakin ƙasa ne kawai.

Ƙanenki,
Zaidu

Filinge, Asabar

Zaidu,

Muna lahiya, sai zahi. Hadari na haɗuwa yana watsewa, ba mu kai ga shuka ba.

To, likita, ka tahi ƙasar da ake wanka tsakar ɗaki, Allah shi kyauta. Kaya na kwashe. Amma tun da ka ce ɗakin ƙasa ne kawai, bari in hwaɗa maka abin da ban hwaɗi ba ranar da kuka yanke magana kai da kawunnai. Kowace bazara Inna da hannunta take shafe cikin ɗakin nan. Ka tuna ɗan yatsanta da taɓarya ta karya, wanda bai ƙara miƙewa ba? Duk inda ta ja hannu a bango, sawu huɗu ne, ba biyar ba. Kai kana Yamai, ni ce nake shiga in share, in gan su.

Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. Amma gida naku ne, ba zan tare Dodo ba.

Allah shi maido ka lahiya.
Hawa

Liyon, Litinin

Yaya,

Ina gaishe ki. Na kira ki ya fi sau goma, wayarki ba ta shiga.

Na karanta takardarki, na ɗaga kai, sai na lura da bangon da ke bayan gadona. Kwana huɗu ina ɗakin ban dube shi ba. Yaɓen ƙasa ne, Yaya, ja irin na bakin tafkinmu, har da guntayen ciyawa, ga sawun yatsu a jere. Na sauka na tambayi matar da ke karɓar baƙi. Ta ce wani gwani aka ɗauko daga nesa ya yi shi da hannu, ta nuna mini sunansa a ƙaramin allon ƙarfe kusa da ƙofa. Wai akwai masu zuwa otal ɗin don bangon kawai.

Da farko dariya na yi. Da na koma na ɗora hannuna a kai, sai dariyar ta tsaya. Sawu biyar ne, masu kyau, amma ban san mai su ba. Na zauna ina ƙoƙarin tuna na Inna, wallahi na kasa. A ɗakinta aka haife ni, ban taɓa ƙirgawa ba. Kunya ta kama ni.

Ba don Turawa sun yaba ƙasa na canza magana ba, kada ki yi mini wannan dariyar. So nake in ga sawun Inna da idona. Don Allah ki hana Dodo. A gina na simintin can wajen rumbu.

Naki,
Zaidu

Filinge, Juma'a

Zaidu,

Gaisuwa. Iska ta kada mana turakun wuta ran Lahadi, babu reso, waya ba ta shiga sai jiya. Jiya na ga takardarka.

Dodo mutum ne mai cika alkawari. Ya zo Talata da hantsi, kafin la'asar an gama.

Na ce ba zan tare shi ba, ban kuwa tare shi ba. Sai dai da ya kai bangon gabas, na ce ya yanko mini wuri ɗaya. Ya yi ta gunaguni, amma ya yanko, faɗin faifai. Yana cikin tasar Inna, na rufe da zanenta. Gefe guda ya tsage, sauran lahiya lau.

Don kaina na aje, ba don kai ba. Amma in ka zo, ka wanke hannu, sai in buɗe maka ka ƙirga.

Allah shi kawo ka lahiya.
Yayarka,
Hawa