Makullin Yohanna

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Hajiya, ya yara, ya baƙunta?

Tsarin kasuwancin da muka yi wa kamfaninmu na kwamfuta a unguwar Barnawa, lokacin da soja suka koma bariki, ya manta abu ɗaya. Yadda aka haɗa injinan kwastomominmu, abokin aikina Yohanna kaɗai ya sani, kuma ba mu taɓa zama ya koya mana ba. Yanzu a gari ana zaman ɗar-ɗar saboda tsoron rikicin addini, maƙwabta na kwashe iyali. Na ce mu fara darasi ran Asabar. Ya ce, "Malam, Allah ya kai mu." Jiya na tarar da makullinsa na ofis a kan teburina. Da alama shi ma ya bar gari.

A sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Isa